Tallar littafin juna a sitatus: taimako ne ko cuɗe-ni-in-cuɗe-ka?

Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta barkanmu da dare. Akwai maganar da muka fara ran Asabar a zaman bayan la'asar ba mu ƙarasa ba saboda hadari ya taso kowa ya nemi mashin. Shawarar ita ce duk sati mu ɗauki littafin mutum ɗaya cikinmu, ran Juma'a kowa ya ɗora bangon a sitatus ɗinsa na WhatsApp da Facebook tare da lambar da za a tuntuɓa. Mu 43 ne a guruf ɗin nan, in kowa na da mutum ɗari kacal masu kallon sitatus ɗinsa ku yi lissafin da kanku. Harafin suna za mu bi don kar a ce an yi son kai. Mai magana ya yi, ran Laraba zan fitar da jadawali in sha Allah.

Ɗan Ƙaura: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin muhawara ba ne Admin, a fitar da jadawali kawai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Autar Guruf: Na goyi baya ɗari bisa ɗari, Allah ya saka da alheri Yaya Admin

Mai Waƙa Tsafe: Madalla. Amma mu masu waƙa muna cikin layin ko kuwa kamar kullum sai an gama da masu labari a tuna da mu?

Maman Biyu: Salam. Ku yi haƙuri ni zan zama mai ɓata lissafi. Wlh ba zan sake ɗora littafin da ban karanta ba ko na wace ce, ko da uwa ɗaya uba ɗaya muke. Bari ku ji abin da ya faru da ni bara. Wata marubuciya da muke mutunci sosai, ba a guruf ɗin nan take ba kar kowa ya fara zargi, ta turo min bango ta ce Anti dan Allah a taya ni talla. Na karanta shafukan kyauta guda biyar na farko na ga labarin marainiya ne da kishiyar uwa, lafiya lau, na ɗora har na rubuta a ƙasa cewa iyaye ku saya wa 'ya'yanku akwai darasi. Kun san ina koyarwa a Islamiyya nan Gusau, rabin masu kallon sitatus ɗina iyayen ɗalibai ne. Bayan kamar sati biyu ina cikin kwashe tuwo bayan magariba sai ga sallama, uwar wata ɗalibata ce, ko zama ba ta yi ba ta miƙo min waya ta ce Malama karanta nan. Na karanta layi uku na kasa ci gaba, abin da ke wurin ko ni da na haifi biyu ba zan iya karanta shi gaban mutum ba, kuma yarinya 'yar shekara 15 aka biya wa kuɗin shiga guruf ɗin da ake sakin littafin. Matar nan ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi don mun ga ke kika ɗora ne. Ta juya ta fita. Tuwon nan ban ci shi ba ranar.

Ɗan Ƙaura: Subhanallah. Abin ba daɗi gaskiya Hajiya amma wannan laifin marubuciyar ne ba naki ba. Mai shago ba ya ɗanɗana duk abin da ke kan kanta kafin ya sayar. Talla daban shaida daban.

Maman Biyu: Malam sitatus ɗina ba shago ba ne, fuskata ce. Wanda ya ga bango a wurina bai san marubuciyar ba ni ya sani.

Ɗan Ƙaura: To ai sai a cire kalmar "ku saya akwai darasi", a ɗora bango kawai shiru. In muka ce sai kowa ya karanta littafin kowa, mutum 43, wasu littafin nasu feji 90 ne na WhatsApp wasu har kashi uku, yaushe za mu yi namu rubutun? Ga aiki ga gona ga data. Wannan sharaɗin kashe shirin zai yi tun bai tashi ba, na san halinmu.

Autar Guruf: Ni dai tsorona ɗaya, in aka ce sai an karanta to mu ƙanana mun shiga uku don manya ba sa karanta namu. Ba zan kama suna ba amma mutum uku na tura wa labarina a guruf ɗin nan tun kafin azumi, biyu sun buɗe alama ta yi shuɗi har yau ko uffan, ɗayan ya ce masha Allah ci gaba da ƙoƙari bayan minti huɗu da turawa, labari mai shafi 60 fa. Na san bai karanta ba kuma na yi masa godiya don ba yadda zan yi. Aƙalla jadawalin Admin zai sa bangona ya hau sitatus ɗin manya ko sau ɗaya a shekara.

Anti ta Tudun Wada: Auta ina jin ina cikin biyun nan, ki yafe min ƙanwata, wayar ce ta cika na goge komai ban lura ba

Autar Guruf: Ba komai Anti wlh ban ce ke ba ce

Baba Mai Shago: Assalamu alaikum ɗiyana. Ni ba marubuci na ba, Admin yas saka ni cikinku don na daɗe ina saida littahi kasuwar Gusau tun jihar ga tana cikin Sakkwato, kahin a yanke ta 1996. Wanga abu da kuke magana ba sabo na ba. Lokacin da muke tahiya Kano muna ɗauko kaya wajen Sabon Gari, akwai ƙungiyoyin marubuta awa Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino, da Kukan Kurciya. In ka buɗe littahin ɗan Raina Kama sai ka ga tambarinsu, ka ga jerin littattahan sauran 'yan ƙungiya an buga ciki. Mace tana cikin gida ta ƙare karatu ta ga jerin sunaye, sai ta kwahe bisa 'yar takarda ta ba yaro, yaro ya zo shago ya miƙo mani takarda ya ce an ce a ba da wanga da wanga, in babu a ba da duk wanda ke da tambarin ga. Kun ji inda maganar take. Tambarin ta yarda da shi. Ran da aka sa tambari bisa abin banza, yaron ba ya dawowa da takarda, kuma ba marubuci ɗaya ba duk 'yan jerin sun yi hasara. To ku sitatus ɗinku shi na tambarinku. Maman Biyu tana da gaskiya, Ɗan Ƙaura ma yana da tashi gaskiya don na san wahalar karatu bisa waya, ni ido ya ƙi.

Ɗan Ƙaura: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma su ai littafin takarda ne ƙarami, dare ɗaya ka gama shi.

Baba Mai Shago: Ƙwarai. Ku ma ku rage tsawo mana, wa ya aike ku kashi uku

Mai Waƙa Tsafe: Hhhhh Baba ya gama da ku

Malam na Gummi: Salamun alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, ina so in ƙara wani abu daga tarihinmu na nan gida don kar mu ɗauka daga Kano aka fara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi wa 'yan uwansa tallar littafi. A cikin littafinsa Najmul Ikhwan ya hori mutane su karanta littattafan ƙanensa Abdullahi na Gwandu saboda ya fi mayar da hankali kan kiyaye zahirin shari'a, su karanta na ɗansa Muhammadu Bello saboda ya fi mayar da hankali kan ilimin siyasar al'umma, su karanta nasa shi kuma domin yana kiyaye ɓangarorin biyu. Ku duba yadda ya yi tallar. Bai ce ku karanta don ƙanena ne ba, sai da ya faɗi abin da za ka samu a wurin kowanne, kuma ba mai iya faɗin haka sai wanda ya karanta. Sannan gidan nan ba a talla kaɗai suka tsaya ba. Shehu zai yi waƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya zo ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu ya zama biyar. Hannu uku kan aiki ɗaya. Daga nan jajis, wato malamai mata na ƙungiyar 'yan taru da Nana Asma'u ta kafa, su haddace su kai wa mata ƙauyuka. Mu yanzu abin da muke kira taimakon juna shi ne danna fowad.

Ɗan Ƙaura: Malam ai ka ɗauko mana manya, su wa zai haɗa kansa da su. Mu fa neman na sabulu muke.

Malam na Gummi: Na sabulun ma sai an yarda da kai ake ba ka.

Mai Waƙa Tsafe: Tunda Malam ya kawo waƙa bari in shigo da tawa kukan. A ƙasar nan ta su Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba sai an koya mana aikin taro ba, duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san 'yan amshi ba maimaitawa kaɗai suke ba, ƙari suke yi, uban kiɗi ya ɗauko zance su ƙarasa masa wani lokaci ma ƙarin ya fi jagoran daɗi. Amma a guruf ɗin nan in na saka waƙa mutum biyu ke cewa komai kuma ɗaya ƙanena ne. Ba wanda ke biyan 300 ya shiga guruf ɗin waƙa, mun sani mun haƙura. Abin da nake roƙo masu labari, in jarumarku za ta yi baƙin ciki ko biki ya tashi a labari ku ce mana mu rubuta muku baiti huɗu ku saka da sunanmu a ƙasa. Ku kun samu ado mu mun samu masu karatu. Kuma ina da murya, mai son a karanta masa shafin farko a boyis don talla ga ni kyauta.

Anti ta Tudun Wada: Wannan shawara ta yi min wlh, ina da wurin kamu a littafin da nake rubutawa yanzu, zan neme ka ta gefe

'Yar Mafara: Ni duk naji maganganunku amma akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi ya fi ci min rai. Kuna cewa a ba juna a karanta kafin a fitar, to ni ba wa juna ne ya kashe min littafi. Wata bakwai ina taifin da babban yatsa a waya, dare nake yi bayan yara sun yi barci wani lokaci ina caji a shagon mai caji don ba wuta, na gama na ce littafin kuɗi ne 500. Kafin in buɗe guruf na ba marubuta huɗu cikakke kyauta don su yi min sharhi su taya ni talla, marubuta fa ba masu karatu ba. Kwana uku da fara biya mutum 26 suka shiga ina ta murna, ran na huɗu ƙanwar mijina da ke Sakkwato ta turo min littafina cikakke a dokumen ta ce Anti ba wannan ne naki ba, a wani guruf na gani. Har ƙarshen da ban saki ba yana ciki. Daga ranar mutum biyu suka ƙara biya. Bayan wata ɗaya na ji wani yana karanta shi a YouTube ya canza masa suna, ko sunana bai ambata ba. Cikin huɗun nan ne, ban san wace ce ba, kuma duk huɗun sun kira ni suna jaje. To ku gaya min wa zan sake ba rubutuna?

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya isar miki ƙanwata, wannan cin amana ne ba wani suna

Autar Guruf: Kai subhanallah ni yanzu ma tsoro ya kama ni

Malam na Gummi: Allah ya mayar miki da alheri. Ta fuskar doka haƙƙinki yana nan, a Najeriya da zarar kin rubuta abu naki kin adana shi ya zama mallakarki ba sai kin yi rajista ba, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023 ta taɓo abin da ake ɗorawa a intanet. YouTube ma suna da fom na ƙorafi, in kin nuna naki ne suna iya sauke shi.

'Yar Mafara: Malam na YouTube ɗin na ji zan gwada, amma dokumen da ya shiga wayar mata dubu wace hukuma ce za ta bi ta goge

Ɗan Ƙaura: Kun gani ko. Shi ya sa na ce bango kawai. Bango ba a sace shi.

Baƙon Argungu: Salam 'yan uwa, ni baƙonku ne daga Kebbi aka saka ni don zumunci, a ba ni dama in ce wani abu. Hajiya ta Mafara akwai dabarar da muke yi mu 'yan kaɗan a nan. In za ki ba mutum huɗu, kowa kwafinsa daban. Ki nemi wani ƙaramin abu a tsakiyar labari da ba mai lura, misali sunan mai kawo nono ko launin mayafin da wata ta saka a babi na 12, a kwafin farko kore a na biyu ruwan toka haka haka, ki rubuta a littafinki wa kika ba wane. Ran da ya fita ki buɗe babi na 12 kawai. Kuma ki gaya musu tun farko cewa kowane kwafi da alamarsa, wannan faɗin ma shi ke hana fitar. Na biyu kar ki ba da ƙarshen labari, babi uku na ƙarshe a zo gida a karanta a takarda a sha kunu a tafi.

'Yar Mafara: Wlh da na san wannan bara da yanzu na san maƙiyiyata. Na gode Yaya

Anti ta Tudun Wada: Ko kuma gara da ba ki sani ba hhh da yanzu ana shari'a gaban mai unguwa

Baƙon Argungu: Sai magana ta biyu, ni ina ganin duk muna ta faɗa kan sitatus alhali sitatus awa 24 ne ya ɓace. Ku tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, mu muna nan muna ta neman ku shiru, marubuciyar da nake bin labarinta kullum ta tsaya cak a feji na 31 masu biya suna ta zagi sun ɗauka gudu ta yi da kuɗi. Sannan OkadaBooks, dandalin sayar da littafi a intanet da wasunmu suka zuba littattafai a kai, aka rufe shi ƙarshen Nuwamba 2023. Abin da ke kan waya aro ne. In da gaske taimakon juna muke so mu yi adashen bugu. Mutum goma kowa ya zuba abin da aka yanka duk wata, wanda ya kwasa ba shi za a ba kuɗin a hannu ba, kai tsaye wurin mai ɗab'i za a biya. Ko mu fara da abu mai sauƙi, littafi ɗaya na gajerun labarai, mutum 12 kowa labari ɗaya masu waƙa su cike tsakani, a nemi lambar shaidar littafi ta ISBN a Laburaren Ƙasa a kai musu kwafi uku da doka ta ce. Littafi mai marubuta 12 masu talla 12 gare shi, kuma kowa dole ya karanta na sauran don sunansa na jikin bango. Kun ga matsalar Maman Biyu ta warware da kanta. Sai mu ƙaddamar ran 26 ga Agusta, Ranar Hausa.

Ɗan Ƙaura: Adashe? Tab. Na shiga adashe uku a rayuwata biyu sun mutu a hannun wanda ya kwashi farko. Marubuci ya ga littafinsa ya fito ya sha ƙaddamarwa, wata na gaba ka kira shi ya ce yana hanyar Magami ba sabis.

Baba Mai Shago: Shi ya sa ba a ba baƙo kwasar hwari. Wanda anka hi yarda da shi shi ka kwasar hwari, uwar adashe kuma ta zan mace mai tsoron Allah wadda ba ta da littahi cikin layi. Amma ku ji wani abu, bugawa ba ita ta wahala ba, rabawa ita ta. Na ga marubuci ya buga kwafi 1000 ya kawo mani 50, sauran suna ƙarƙashin gado gara ta ci rabi. In kun buga, kowa ya ɗauki nashi kaso ya kai garinsu, na Ƙaura ya kai Poli, na Mahwara ya kai Poli ta Abdu Gusau, na Maru ya kai kwalejin ilimi, na Argungu ya kai tasu, ku nemi malaman Hausa na jami'ar tarayya nan Gusau ku ba su kyauta su gani. Littahin da malami ya sa ɗalibai su nazarta shi ka ƙarewa.

Malam na Gummi: Baba ya faɗi gaskiya, amma malamin jami'a ba zai sa littafin da ƙa'idar rubutu ta lalace a cikinsa ba. "Ya ce" a haɗe kamar kalma ɗaya, ɗ da ƙ babu ƙugiya, aya sai bayan layi goma. Dole a samu mai tacewa.

Anti ta Tudun Wada: To nan kuma ni zan yi magana don tacewa ta taɓa ƙona ni. Na ba wani edita a wata jiha labarina na biya shi, labarin tsohuwa ce a ƙauyen Anka da aka kora daga gida tana zaune a makarantar firamare da jikoki. Duk inda tsohuwar nan ta ce "mi munka yi musu" ya mayar "me muka yi musu", "ɗiyana" ya koma "'ya'yana", "wagga rayuwa" ta koma "wannan rayuwa". Da ya dawo min da shi na karanta sai na ji kamar 'yar Fagge ce ke magana ba kakata ba, duk zafin ya tafi. Da na yi ƙorafi ya ce daidaitacciyar Hausa ake bugawa. Na yarda a bakin mai ba da labari a bi ƙa'ida amma a bakin tsohuwa a bar mata harshenta. Wannan shi ne amfanin mu tace wa juna mu da muka san yadda ake magana a nan, ba don na waje bai iya ba, bai taɓa jin kakata ba ne kawai.

Malam na Gummi: Ban musa ba Hajiya, karin harshe a cikin zancen taurari ba kuskure ba ne. Kuskure shi ne marubuci ya rubuta munka a layi ɗaya muka a layi na gaba a bakin mutum guda.

Baba Mai Shago: Ni dai kar wanda ya gyara mani nawa saƙo

Mai Waƙa Tsafe: Baba naka ai sai dai a yi masa tahamisi

Autar Guruf: Tambaya dan Allah, in lokacin gasa ne fa? Kamar Hikayata, gasar gajerun labarai ta BBC, duk mu mata muna shiga kuma gurbi uku ne. Zan ba wadda muke takara da ita ta gyara min?

Anti ta Tudun Wada: Auta tun 2016 da aka fara gasar nan nake ganin wannan tsoron. Daga ko'ina ake turawa har Nijar da Ghana da Kamaru, ba ni ce kishiyarki ba a ciki. Shekarar da na fi yin abin kirki ita ce wadda muka zauna mu uku a ɗakina muka karanta wa juna da ƙarfi, wata ta ce min labarinki a sakin layi na huɗu ya fara ki yanke ukun farko, na ji haushi kwana biyu ban gaishe ta ba sannan na yanke. Ban ci ba amma na san ya fi. In kuma tsoro kike ki ba namiji, su ba sa shiga.

Ɗan Ƙaura: Mu ai an ware mu hhh. Ga Gusau Institute ma da ke sa gasa, sunan garinmu ne amma a Kaduna take

Maman Biyu: Malam na Ƙaura ni fa ban ƙi talla ba kar a fahimce ni baibai. Kuma na ji kukan Auta ya taɓa ni don ni ma an yi min masha Allah na minti huɗu lokacin da na fara. Ba sai mutum 43 sun karanta ba. A samu uku su karanta tun daga farko har ƙarshe, su gaya wa mai littafi gaskiya ta gefe ba a cikin guruf ba don ba a son tozarci, in akwai gyara ya gyara, sannan su ukun su rubuta layi biyu biyu na abin da ke ciki da kuma wa ya dace ya karanta, in na matan aure ne a ce na matan aure ne. Mu sauran mu ɗora da wannan sharhin da sunan wanda ya yi shi. In uwar ɗaliba ta sake zuwa min da waya na san ƙofar da zan kai ta.

Ɗan Ƙaura: To in ukun suka ce littafin bai yi ba fa? Ranar za a ga fita daga guruf. Marubuci ka ce ɗansa mummuna ne?

Maman Biyu: Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya fita don an ce ya gyara da ma sitatus ya zo nema

Ɗan Ƙaura: Ni ma sitatus na zo nema Hajiya ban ɓoye ba. Amma na ji, zan bi, da sharaɗin kar a bar manya su zaɓi na manya. A yi ƙuri'a.

'Yar Mafara: Ni zan karanta na wasu amma nawa ba zan bayar cikakke ba tukuna gaskiya, sai na ga yadda ta kaya da na mutum biyu uku. Kar a ji haushi.

Admin: Ba mai jin haushi Hajiya. To ga abin da na tattara, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin Laraba. Jadawali yana nan amma duk sati biyu maimakon sati ɗaya don masu karatu su samu lokaci. Masu karatu uku da ƙuri'a, kowa kwafinsa da alama irin ta baƙonmu na Argungu. Masu waƙa suna cikin layi daidai da kowa. Maganar adashe da littafin haɗaka ban sa ta ba don kuɗi ba a yanke shi a waya, sai zaman Asabar ta sama, kuma Baba muna roƙon ka zo. Saura wa zai fara, harafin suna ko ƙuri'a?

Maman Biyu: A fara da Auta. Tun kafin azumi take jira. Ni ce ta ɗaya cikin ukun ba sai an yi min ƙuri'a ba

Anti ta Tudun Wada: Ni ce ta biyu, bashi ne a kaina

Ɗan Ƙaura: Yanzu fa muka ce ƙuri'a, tun ba a je ko'ina ba an karya doka hhh. Shi ke nan sa ni na uku, shafi 60 ne dai ko Auta? Ba kashi na biyu?

Autar Guruf: Wayyo Allah na gode na gode wlh hannuna har rawa yake. 60 ne Yaya, kashi na biyun ban gama ba. Yaya na Argungu dan Allah alamar nan a Word ake yi ko sai na mayar PDF?

Baƙon Argungu: Ki canza a Word ki adana kowanne daban sannan ki mayar PDF. Kuma kar ki faɗi babin a nan

Baba Mai Shago: In an buga bisa takarda a kawo mani ɗaya shago in gani, amma a ƙara girman rubutu. Asabar in ba ruwa ina tahowa, a aje mani kujera mai jingina.